Kakanmu Ya Je Yaƙin Bama: Daga Ina Za a Fara Nema?

A Augie da sauran garuruwan ƙasar Argungu akwai gidajen da ba su riƙe komai daga tarihin kakansu ba sai magana ɗaya: ya je yaƙin Bama. Maganar tana da tushe. Rundunonin Afirka ta Yamma biyu, ta 81 da ta 82, sun gwabza da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan na ƙasar Bama a 1944 da 1945, kuma Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya. Sai dai jikan da ya tashi nema da suna kaɗai zai sha wuya, domin magatakardan soja kan rubuta mutum da sunansa da na gari. Mutumin Augie yana iya shiga littafi a matsayin wane Argungu, ko ma wane Sakkwato, tunda ƙasar tana cikin Lardin Sakkwato a lokacin, ga kuma takwarori birjik.

Lambar soja ce ke raba gardama, ita kuwa tana cikin takardar sallama. Shi ya sa nake ganin a gida ake fara wannan bincike, a adakar tsohuwa da bakin dattawa, kafin a je intanet. Wanda kakansa ya yi yaƙin Kamaru, tsakanin 1914 da 1916, ya duba gefen lambar girmansa, don a nan ake zana suna da lamba. Lambobin girma na yaƙin duniya na biyu kuwa galibi ba su da suna. In lambar soja ta samu, hanya ta buɗe. Hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel tana da jerin mamata a intanet, kuma a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon an rubuta sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba, har da 'yan Nijeriya. Littattafan da bataliyoyi suka riƙa cikawa kullum suna ma'ajiyar tarihi ta Kew, a Landan. Da wuya su ambaci ƙaramin soja, amma za su nuna inda rundunarsa ta kwana. Fayilolin Lardin Sakkwato kuma suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna.

Wani zai ce yaƙin Bature ne, mene ne abin tonowa? Sanin abin da ya faru ba yabon mulkin mallaka ba ne. Ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebi da yawa daga samarin nan, wani da son ransa, wani bisa matsi, kuma zuriyarsa ta cancanci sanin wanne ne. Waɗanda suka ɗebe su ma ba su yi adalci ba: a 2021 ita kanta hukumar kaburburan ta amsa cewa ba a karrama dubban 'yan Afirka da suka mutu a yaƙin duniya na farko daidai da Turawa ba. Mai cewa labarin baka ba abin dogaro ba ne yana da gaskiya rabi, domin shekaru kan cakuɗe, amma sunan kogi ko na jirgin ruwa da tsoho ya riƙe shi ne ake gwadawa da takarda.

'Ya'yan mazan nan sun tsufa. Duk mai takardar sallama a gida ya ɗauki hotonta, ya naɗi muryar dattijon da ya san labarin, ya kai kwafi Gidan Tarihi na Kanta a Argungu.