Ƙa'idojin Aiki da Ɗorewar Kamfanonin Sadarwa a Nijeriya

Ƙa'idojin aiki a harkar sadarwa su ne sharuɗɗan da kamfani ke bi kafin ya riƙe lasisinsa da masu hulɗa da shi: ingancin kira, gaskiya wajen cire kuɗi, rajistar layuka, da riƙon amanar dukiyar kamfani. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda aka kafa a 1992 kuma dokar 2003 ta ƙara mata ƙarfi, ita ke sa ido a kansu. Abin ya shafi kowa. Dillalin shanu a Kasuwar Kara ta Wudil, mai jiran shigar kuɗi a wayarsa ranar Juma'a kafin a loda mota, cinikinsa na rataye ne a kan waɗannan sharuɗɗa, ko bai taɓa jin sunansu ba.

Darasi na farko shi ne NITEL. An kafa shi a 1985, ya yi shekaru ba shi da kishiya, amma samun layi sai da jira da kamun ƙafa, gyara kuwa sai wanda ya gani. Da aka yi gwanjon lasisin wayar salula a Janairun 2001, kan dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet suka shigo, jama'a suka juya masa baya. Daga ƙarshe aka sayar da kadarorinsa, wanda ya gaje shi ya fito da sunan ntel a 2016.

Girma ma ba ya hana hukunci. A Oktoban 2015, lokacin da Farfesa Umar Garba Ɗanbatta ke jagorantar NCC, an ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda ƙin rufe layuka sama da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista, naira 200,000 kan kowane layi. Dalilin tsaro ne: layin da ba a san mai shi ba makami ne a hannun masu garkuwa da mutane. Hannayen jarin kamfanin suka faɗi a Afirka ta Kudu, shugabansa ya yi murabus, sai a Yunin 2016 aka daidaita kan naira biliyan 330. MTN ya tsira ne domin aljihunsa na da zurfi. Ƙaramin kamfani da tuni ya rufe.

Etisalat kuwa ba tara ce ta kayar da shi ba, bashi ne. Ya ciwo dala biliyan 1.2 daga bankuna 13, alhali kuɗin shigarsa da naira yake. Da darajar naira ta faɗi, biya ya gagara, masu jarin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka janye a 2017. Sai da Babban Banki da NCC suka shiga tsakani kafin ya koma 9mobile.

Tun daga Afrilun 2013, mai layi na iya komawa wani kamfani da lambarsa. Sai dai a aikace, ɗan kasuwa ya fi son ya riƙe layi biyu a waya ɗaya, ya zuba kati a wanda ke da sabis ranar.