Kwamfutar da aka ƙera don yara, masana'antu suka ɗauke ta: tarihin Raspberry Pi 🧵

1/ Jama'a, duk wanda ya ce yana son koyon haɗa injinan masana'anta da intanet, abin da za a fara gaya masa shi ne ya nemi Raspberry Pi. Alhali waɗanda suka ƙera ta 'yan makaranta ne a ransu, ba su taɓa kawo masana'anta a lissafi ba. Yadda ta kuɓuce musu shi ne zarenmu na yau. Ku biyo ni a hankali, yana da ɗan tsawo.

2/ Ga wanda bai taɓa ganin ta ba: kun san koren allon nan da ke cikin rediyo? To irinsa ne, girmansa kamar katin ATM, amma cikakkiyar kwamfuta ce a kansa. Ba akwati, ba kibod, ba sikirin. Ka sa mata memori, ka ba ta wuta bolt 5, ta tashi da Linux.

3/ Labarin ya faro ne daga 1981, lokacin da kamfanin Acorn na garin Cambridge a Ingila ya ƙera wa BBC kwamfutar BBC Micro, wadda ta cika makarantun Birtaniya. Da ka kunna ta sai ta tsaya tana jiran ka rubuta mata umarni. Yaron da ke son wasa, dole ya koyi yi mata magana da yarenta. Haka aka samu tarin yaran da suka iya rubuta manhaja tun kafin su yi gemu.

4/ A Acorn ɗin nan ne Sophie Wilson da Steve Furber suka tsara ƙwaƙwalwar ARM, ta fara aiki a 1985. Babban abin da ta yi fice a kai shi ne rashin cin wuta. Wayar da kake karanta wannan zaren da ita, kusan tabbas jikar wannan ƙwaƙwalwar ce a cikinta. Ku riƙe sunan, za mu dawo gare shi.

5/ Zuwa 2006, Eben Upton, wanda ke kula da ɗaliban kimiyyar kwamfuta a kwalejin St John's ta Jami'ar Cambridge, ya lura masu neman gurbin karatun suna ta raguwa. Waɗanda ke zuwa ma ba su kai na da iya aiki ba. Kwamfutar gida ta zama kaya mai tsada da iyaye ba sa bari yaro ya kwance, na'urar wasa kuma a rufe take ruf.

6/ Sai shi da abokan aikinsa, irin su Rob Mullins, Jack Lang, Alan Mycroft, Pete Lomas da David Braben, suka kafa gidauniyar Raspberry Pi. Burinsu kwamfutar da arharta za ta sa ko yaro ya ƙona ta ba za a yi masa duka ba. Sunan ma wasa ne: kamfanonin kwamfuta na da suna son sunan 'ya'yan itace, kamar Apple, "Pi" kuma daga yaren Python.

7/ Upton yana aiki da kamfanin Broadcom, can aka samo cip ɗin BCM2835 mai ƙwaƙwalwar ARM. Kun ga jikar Acorn ta dawo gida Cambridge.

8/ Ran 29 ga Fabrairu 2012 aka fitar da ita: dala 35, gudun 700MHz, ma'adanar aiki 256MB. Guda 10,000 aka fara bugawa a China. Da safiyar nan shafukan dillalanta biyu, RS Components da Premier Farnell, suka durƙushe saboda cunkoso. A Satumba aka fara ƙera ta a masana'antar Sony da ke Pencoed a yankin Wales. Kafin a je ko'ina an wuce miliyan.

9/ To su wa ke saye? Akwai yara, amma galibi manya ne, injiniyoyi da masu ƙirƙira a gida. Abin da ya ja su shi ne wasu 'yan allurai 26 a gefen allon, daga baya suka koma 40. Da su ake kunna fitila, a tayar da mota, a karanta na'urar auna zafi. Injiniya ya tafi da ita gida ya yi wasa, Litinin ya shigo da ita wurin aiki a aljihu.

10/ Sai an san me ya tarar a wurin aikin za a gane dalili. Tun ƙarshen shekarun 1960 masana'antu ke da tasu kwamfutar, PLC, wadda Dick Morley da abokansa suka fitar da sunan Modicon don kamfanin motoci na General Motors. Jaka ce wajen juriya, tana shekara ashirin a cikin ƙura ba ta gaji ba. Amma ga tsada, kuma ba a yi ta don hira da duniyar waje ba.

11/ Yaren da yawancin injinan ke ji shi ne Modbus, wanda Modicon ya fitar a 1979, sau da yawa a kan igiyar RS-485. A ɗaya gefen kuma akwai MQTT, wanda Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suka tsara a 1999 don aiko da bayanan bututun mai ta tauraron ɗan'adam, inda kowane harafi kuɗi ne. Shi ya sa saƙonsa ƙanana ne, kuma yana jure layin da ke yawan yankewa.

12/ Abin da ake nema kenan tafinta: ya saurari inji da Modbus, ya faɗa wa intanet da MQTT. Kwamfutocin allo guda na masana'antu irin PC/104 sun daɗe, sai dai kuɗinsu ba na gwaji ba ne. BeagleBoard ma ta riga Pi fitowa, tun 2008. Pi ta yi musu fintinkau ne da arha da kuma yawan jama'a: duk matsalar da ka ci karo da ita, wani ya riga ka, ya rubuta mafita.

13/ Amma fa kayan yara kayan yara ne. Allurai bolt 3.3 suke ɗauka, akwatin masana'anta kuwa bolt 24 ne, ka haɗa kai tsaye ta tafi kenan. A wancan lokacin ba ta da agogon da ke riƙe lokaci idan an kashe ta. Mafi muni shi ne memori: in wuta ta ɗauke tana tsakar rubutu, yana iya lalacewa, ta ƙi tashi. Mu da NEPA ke ɗauke mana wuta ba sallama, wannan ba sai an yi mana dogon bayani ba.

14/ Cambridge suka ga inda kasuwa ta dosa. A Afrilu 2014 suka fitar da Compute Module: zuciyar Pi kawai, an cire duk ramuka, an yi ta siffar memorin laftof, an lanƙaya mata ma'adanar eMMC ta 4GB a jiki maimakon katin cirewa. Kamfani ya ƙera nasa allon yadda yake so, ya soka ta a ciki. A ganina a nan ne tarihinta ya juya, duk da jaridu ba su damu da ita ba a lokacin.

15/ A 2016 kamfanin Kunbus na Jamus ya gina Revolution Pi a kanta, mai cin bolt 24, da ake maƙalawa a ƙarfen akwatin wuta kusa da PLC. NEC na Japan ya sa ta cikin manyan allunan tallansa. Compute Module 4 ta zo a Oktoba 2020 daga dala 25, an tsara ta ta jure daga digiri 20 ƙasa da sifili har zuwa 85.

16/ Arha tana da nata sharrin. Shekaru da dama kowace Pi tana zuwa da suna "pi" da kalmar sirri "raspberry", mutane kuma ba sa canzawa. A 2016 manhajar kutse ta Mirai ta tara dubban kyamarori da makamantansu ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomin sirri na kamfani, ta durƙusar da manyan shafuka a Amurka ran 21 ga Oktoba. Ƙarshen shekarar masu Pi suka rufe ƙofar shiga daga nesa, sai mai ita ya buɗe da kansa.

17/ A 2018 masu kutse suka shiga cibiyar JPL ta hukumar NASA ta wata Pi da aka jona a layinsu ba da izini ba, suka kwashe bayanai kusan 500MB. NASA fa! Sai a Afrilu 2022 aka cire wancan suna da kalmar sirrin gaba ɗaya. Ga shi Modbus kansa ba ya tambayar kowa kalmar sirri. Wanda ya shiga Pi ɗinka, injin ya shiga.

18/ Sannan aka zo gwajin gaskiya. Bayan korona cip ya yi ƙaranci a duniya. A Oktoba 2021 aka ɗaga Pi 4 mai 2GB daga dala 35 zuwa 45, daga nan ta ɓace a kantuna, 'yan kasuwar bayan fage suna ninka kuɗin. Har shafi aka buɗe, rpilocator, aikinsa kawai sanar da inda ta sauka.

19/ A 2022 Upton ya fito fili ya ce kamfanoni za a fifita wajen rabon 'yar wadda ake samu, don akwai ƙananan kamfanonin da in ba ta za su rufe, ma'aikata su rasa abinci. Malamai da masu koyo suka fusata, suka ce an ci amanar dalilin kafa gidauniyar.

20/ Ni dai ina ganin hujjarsa tana da ƙarfi. Ɗalibi zai iya jira wata shida, mai albashin mutum goma a wuyansa ba zai iya ba. Amma masu fushin ma ba su yi ƙarya ba: su ne suka rubuta darussa da manhajoji kyauta shekara goma, waɗanda kamfanonin suka zo suka tarar a shimfiɗe.

21/ Mai farawa yau, hanyar da tarihin nan ya bi ita za ka bi. Pi ta gama-gari a kan tebur, na'urar auna zafi ɗaya, ka tura karatunta da MQTT har ka gan shi a wayarka. Node-RED, wadda ta fito daga IBM a 2013, za ta rage maka rubutu. Sai ka nemi abin jona USB da RS-485 ka karanta mitar wuta mai jin Modbus. Karantawa kawai tukuna, kar ka fara ba inji umarni.

22/ Ranar da za ta koma bakin aiki kuwa, Compute Module mai eMMC, da batirin da zai ba ta damar kashe kanta lafiya, da abin raba wutarta da ta injin. Abin da ya shafi ran mutum, kamar tsayar da inji in hannu ya shiga, a bar wa PLC.

23/ A Yuni 2024 kamfanin Raspberry Pi ya shiga kasuwar hannayen jari ta Landan, darajarsa ta haura fam miliyan 500, gidauniyar ce kuma ke riƙe da kaso mafi girma. A takardun da ya gabatar ya ce ya sayar da sama da miliyan 60 tun 2012, kuma kashi 72 cikin 100 na waɗanda ya sayar a 2023 masana'antu da masu sa ta cikin na'urori ne suka saye. A Nuwamba Compute Module 5 ta fito, daga dala 45.