BABI NA UKU: Rabuwar Ƙwaƙwalwar Kwamfutar Tebur da ta Uwar Garke da Yadda Abin ya Shafi Ƙasar Haɗeja

3.1 Shimfiɗa

A wannan babi za a bi diddigin yadda ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɓangaren nan da ke gudanar da lissafi, ta rabu gida biyu: wadda ake sa wa kwamfutar tebur ta mutum guda, da wadda ake sa wa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima. Za a nuna cewa tambayar da aka saba yi, ta "wacce ta fi sauri", ba ta da amsa guda sai an faɗi irin aikin da za a yi da kuma inda za a yi shi.

3.2 Asalin Rabuwar

A shekarar 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur, ɗauke da ƙwaƙwalwar Intel 8088 mai gudun megahaz 4.77. A wancan zamani manyan ayyukan bankuna da na gwamnatoci suna hannun wasu injuna ne dabam, masu cin ɗaki guda, don haka babu wanda zai kwatanta su da kwamfutar tebur. Kwatancin ya samo asali ne lokacin da kamfani ɗaya ya fara ƙera wa ɓangarorin biyu.

Intel ya fito da Pentium a 1993, sannan Pentium Pro a watan Nuwamba na 1995, wadda aka tsara ta yadda guda huɗu za su yi aiki tare a cikin inji ɗaya. A nan ne aka fara ganin abin mamaki. Duk da tsadarta, idan aka ɗora mata Windows 95 da tsofaffin manhajoji masu tsarin bit 16, ba ta yi wa Pentium wata tazarar a zo a gani, wani lokaci ma Pentium ɗin kan wuce ta. Amma a kan Windows NT, mai tsarin bit 32, sai ta yi fintinkau. Ke nan wanda ya saye ta don buga wasiƙu a ofis ya yi asarar kuɗinsa, alhali ƙwaƙwalwar ba ta da laifi.

A 1998 aka raɗa wa wannan reshe suna Xeon. Kamfanin AMD shi ma ya bi sahu a 2003, inda ya fito da Opteron don uwar garke da Athlon 64 don tebur. Daga wajen 2005, da zafi ya hana a ci gaba da ƙara gudu, sai kamfanonin suka koma cusa cibiyoyin lissafi da yawa a cikin ƙwaƙwalwa guda.

Misalin da ya fi fito da bambancin fili shi ne na 2017, domin a shekarar ne AMD ya gina nau'o'in biyu a kan tubali ɗaya. Ryzen 7 1800X ta tebur tana da cibiya 8, gudunta na tushe gigahaz 3.6, hanyoyinta zuwa ma'ajiyar aiki biyu ne, an kuma ƙiyasta mata wat 95. Ita kuwa EPYC 7601 ta uwar garke tana da cibiya 32, gudunta na tushe gigahaz 2.2 kacal, hanyoyinta takwas, wat 180. Idan aiki ɗaya ne mai bin layi, ta tebur za ta riga gamawa. Idan kuwa buƙatu ɗaruruwa ne suka zo a lokaci guda, ta uwar garke ce ke ɗauka ba tare da ta durƙushe ba. Bugu da ƙari, ana haɗa ta da ma'ajiya mai gano kuskure ta gyara da kanta, wadda ake kira ECC, saboda an yi ta ne don ta kwana ta wuni a kunne.

3.3 Ayyuka Iri Biyu a Ƙasar Haɗeja

Tarihin yankin Haɗeja ya ƙunshi misalin kowane iri. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke raya fadamun Haɗeja zuwa Nguru ta ragu, abin da ya taɓa manoman shinkafa da masunta da makiyaya. Shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, wanda aka fara a 1987, ya jawo masana da dama. Thompson da Hollis (1995) sun tsara lissafin kwaikwayon tafiyar ruwan kogin, suka auna faɗin ƙasar da ruwa zai malala idan aka faɗaɗa noman rani a sama, da kuma idan aka riƙa sakin ruwa daga madatsun da damina. Irin wannan aiki, komai muhimmancinsa, na manazarci ɗaya ne da ke bin alƙaluman ruwa shekara bayan shekara. Gudun cibiya guda yake buƙata, kuma kwamfutar tebur ta wadatar.

Iri na biyu ya bayyana ne bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, musamman a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, wanda gwamnatinsa ta ba da ƙarfi ga fasahar sadarwa har ta kafa cibiyar koyar da ita a Kazaure. Amma abin da ya kai uwar garke ga talaka shi ne jarrabawar shiga jami'a. Hukumar JAMB ta fara gwada ta a kwamfuta a 2013, ta mayar da ita gaba ɗaya a 2015, ta kuma gindaya wa cibiyoyi sharaɗin kwamfutoci 250. A zauren jarrabawa, kwamfutar da ke gaban ɗalibi ba ta yin wani aiki mai nauyi, tambaya take nunawa ta mayar da amsa. Nauyin yana kan uwar garke. In kwamfutar ɗalibi ɗaya ta mutu, a sauya masa kujera. In uwar garke ta tsaya, zaure ne gaba ɗaya ya tsaya, ciki har da yaron da ya biya kuɗin mota daga Guri ko Kirikasamma tun da asuba.

Sai dai akwai ma'aunin da masu gwaji a Turai da Amurka ba su cika sakawa a lissafi ba. Suna gwaji ne a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa. A Haɗeja zafin bazara kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kan toshe fankoki, wutar lantarki kuwa, tun daga zamanin NEPA har zuwa KEDCO da ta karɓi rarraba ta a 2013, ba abin dogaro ba ce. Ƙwaƙwalwar zamani idan ta ji zafi takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, saboda haka alƙaluman da ke jikin kwali ba su ne za a gani ba. Wannan ya sa tsofaffin injunan Xeon na hannu, waɗanda ake shigo da su da araha, suke iya zama alaƙaƙai ga ƙaramin shagon buga takardu: kuɗin sayensu kaɗan ne, amma man janareta da na'urar sanyaya ɗaki suna cinye ribar. Haka nan ajiye uwar garke a ɗakin ƙasa, a garin da ambaliya ta yi wa barazana a 2020 da 2022, ganganci ne da ingancin ƙwaƙwalwa ba zai yi maganinsa ba.