Gaya, Garin Mashigi

'Yan'uwa matasa, in aka ce Gaya, mutumin Kano zai ɗauka tasu ake nufi. To, tamu ta Dendi ce, a jihar Doso, bakin kogin Kwara wanda Zabarmawa ke kira Isa. Daga Yamai tafiyar kilomita kusan 300 ce a mota. Ka ƙetare ruwa kana Malanbil ta ƙasar Benin, ka miƙe gabas kaɗan kana Kamba ta jihar Kebbi.

Tun kafin a san wani abu wai shi iyaka, Kyangawa na noma a nan. A 1591 rundunar Maroko ta karya daular Songhai a Tondibi, sai Askiya Nuhu ya gangaro kudu zuwa Dendi ya ci gaba da yaƙi daga nan. Wannan na cikin abin da ya kafa harshen Dendi a bakin kogin. Daga baya fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro suka riƙa ratsa ƙasar da jakunansu. Wasu sun wuce, wasu sun sauke kaya sun yi aure. Ku tambayi tsofaffinku, da wuya a rasa ɗan fatake a dangi.

Turawan Faransa da Ingila suka zauna a Paris a 1898 suka raba ƙasar a takarda. Dangi ɗaya, gwamnati uku. Ko tsibirin Lete sai da aka je kotun duniya, wadda ta ba Nijar shi a 2005.

Ruwan sama kuwa, babu inda ya kai nan samu a duk Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Ga shinkafa, ga rake, ga giginya a Dallol Mauri, ga gishirin Foga. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 60,000 a gundumar.

Amma fa arzikin garin yana kan gadar da aka gina a 1958, wadda manyan motocin kaya daga tashar jiragen ruwan Kwatano suka riƙa bi su shigo ƙasa. Kun gani da idonku bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Aka tare gada, tireloli suka yi layi, 'yan dako da masu tuwo-tuwo suka zauna jugum. Mutane kuma suka koma kwale-kwale, kamar dai fataken goro, suna biyan kuɗin fito don su je gaida 'yan'uwansu a Malanbil.