Tausa da Jinyar Mai Barin Giya: Abin da Tarihi Ya Koya Mana



Mu Hausawa mun daɗe da sanin maganin hannu. Tun kafin zuwan asibiti muna da maɗora masu ɗaurin karaya da gyaran targaɗe, sana'ar da ake gado a gida. Turawa ma suna da irin tasu. A 1874 wani likitan Amurka, Andrew Taylor Still, ya fito da ostiyofati, wato jinya ta hanyar danna ƙashi da gaɓoɓi da tsoka, ya kuma buɗe makarantarta a garin Kirksville a 1892. A yau akwai masu haɗawa da ita don rage wa mai barin giya ciwon jiki da rashin barci.

Sai dai barin giya ya wuce ciwon jiki. Giya tana danne ƙwaƙwalwa har ta saba da hakan. Wanda ya daɗe yana sha da yawa, idan ya daina dare ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 sai makyarkyata da zufa su kama shi, wani har da jijjiga. A kwana na 2 zuwa na 4 wasu kan ruɗe, su fara gane-gane, abin yana iya kaiwa ga rasa rai. Likitan Ingila Thomas Sutton ne ya raɗa wa wannan hali suna delirium tremens a 1813. Maganin Librium ya fito a 1960, Valium a 1963, kuma ire-irensu likitoci ke bayarwa har yau. Tausa ba ta tsayar da jijjiga.

A nan Najeriya muna da abin koyi. A 1954 Dakta Adeoye Lambo na asibitin Aro, Abeokuta, ya zaunar da masu taɓin hankali tare da danginsu a ƙauyukan kusa, ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, amma ragamar jinya tana hannun likita.

Mu kuwa, kunya kan sa mu kulle ɗan uwanmu a ɗaki, mu kira mai tausa a ɓoye. Idan ya ƙudurta dainawa, mu fara raka shi wurin likita. Ga asibitin gwamnati a Wuse Zone 3. In haɗarin kwanakin farko ya wuce, sai mai tausa ya shigo da yardar likita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.