Sarƙar keke mai giya: wanki, sa mai da sanin lokacin canji

Keke mai giya, wanda ake ce ma VTT, an ƙera shi ne don hawan tudu da bin hanyar daji. Shi ya sa ya karɓu a ƙauyukanmu: ɗan lakwal na hawa, mai kai kaya kasuwa na hawa, malamin da ke koyarwa nesa da gida ma haka. Da yawa daga cikin waɗanda ke hannun jama'a na gwanjo ne, kuma abin da ke fara mutuwa a jikinsu ita ce sarƙa.

Sarƙa ƴan ƙarafa ne da aka harhaɗa da ƙusoshi, kowace ƙusa na da ɗan zobe da ke juyawa a kanta. Tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 12.7 ne, sabuwa kuma kan zo da gaɓoɓi 114 ko 116, mai gyara ya rage gwargwadon keken. Wurin da ke bukatar mai shi ne can ciki, tsakanin ƙusa da zobe. Bayan sarƙar ba ya bukatar komi.

Nan ne da yawanmu ke kuskure. Mutum zai ji sarƙa na kuka, sai ya ɗebo baƙin man da aka juye daga babur ya kwarara mata har tana ɗiga. Kukan kam zai tsaya. Amma a ƙasar rairayi irin tamu, daga Tawa har Damagaram, man da ya tsaya a waje ƙura yake kamawa. Mai da rairayi in sun haɗu sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, suna cin ƙusoshin a kowane taki na feda. Shi kansa baƙin man ya riga ya kwaso garin ƙarfe daga cikin inji. In kun ji an ce sarƙa ta miƙe, ba jan ta aka yi ba, ƙusoshin ne suka cinye. Ita kuma cinyayyar sarƙa sai ta bi haƙoran farantan baya da na gaba ta cinye su, kuɗin gyara ya ninka.

Yadda ake wanki

A jingina keken, a kama sarƙar da tsumma, a juya feda baya har baƙin ya ragu. In dattin ya daskare, a tsoma tsohon burushin haƙori cikin kananzir ko gazuwal a goge gaɓa-gaɓa. Fetur yana wankewa, amma tartsatsi guda ya isa ya ƙona mutum, a bar shi. Ruwan sabulu ma na yi, da sharaɗin a ɗauraye a bari ta bushe sarai a rana, in ba haka ba tsatsa ce za ta biyo.

Kada a manta da ƴan ƙananan tayoyi biyu da ke rataye ƙarƙashin farantan baya, waɗanda sarƙar ke ratsawa. Nan datti ke taruwa kamar ƙullu, da ɗan tsinke ake ƙwaƙule shi. Tsakanin farantan kuma a zura bakin tsumma a ja gaba da baya. Wurin wankin mota da ruwa mai ƙarfi ba na keke ba ne, don ruwan na kutsawa cikin gindin feda da cibiyar taya ya kore giris ɗin ciki.

Sa mai

Ɗigo guda a kan kowane zobe, ta cikin sarƙar, wato ɓangaren da ke taɓa haƙora. Aikin na son haƙuri, amma bai wuce ƴan mintoci ba. A juya feda baya sau da dama don man ya shige, a ɗan dakata, sannan a sa busasshen tsumma a goge bayan sarƙar tas, har in ka shafa yatsa da ƙyar ka ga mai. Wannan gugar ta ƙarshe ita ce aikin, ita ce kuma aka fi tsallakewa.

Man sarƙa na kanti iri biyu ne. Akwai mai ruwa-ruwa wanda ke bushewa bayan an sa, shi ya dace da hunturu da bazara lokacin ƙura. Akwai mai kauri wanda ruwa ba ya saurin wankewa, na damina ke nan. Wanda bai samu ba, man keken ɗinki zai yi a rani, sai dai a riƙa sabuntawa. Da damina sabon man inji ya fi riƙewa. Man gyaɗa danƙo yake yi. Giris kuwa ba ya shiga ciki, a waje yake tsayawa yana tara ƙasa.

Ɗigo ɗaya-ɗaya ya ishi mahaɗan abin canjin giya da bakin wayoyin birki. Mai kada ya taɓa robar birki, ko gefen ƙarfen taya, ko faifan birki ga keken da ke da shi. Birkin da ya sha mai ba ya kamawa, kuma a gangare ake gane haka.

Yaushe za a canza sarƙa

A samu mita ta ƙarfe irin ta magina, ba ta tela ba. A ɗora daga tsakiyar ƙusa guda, a ƙirga ƙusoshi 24 gaba. Sabuwar sarƙa santimita 30 da rabi take bayarwa. In ta ƙaru da milimita 1 da rabi, a canza ta tun farantan na da rai. In ƙarin ya kai milimita 3, galibi na bayan ma sun tafi, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu. Gwajin masu gyara ya fi sauƙi: a ja sarƙar daga gaban babban faranti, in ta ɗago har ana ganin haƙori, ta gaji.

Ƴan uwa da ke waje masu aiko da keke gida, ku haɗo da sarƙa ta ajiya da kwalbar mai. Ku ƙirga farantan baya kafin ku saya: keke mai 6, 7 ko 8 sarƙa iri ɗaya suke ɗauka, amma daga 9 zuwa 12 kowanne da tasa, tana ƙara sirancewa. Kamfanoni irin su Shimano da KMC suna rubuta lambar a jikin kwali.