Mata Masu Dubara: Me Ake Kwafa Idan Shiri Ya Yi Nasara?

A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani ɗan shiri da matan karkara a jihar Maraɗi ta Nijar, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Yau tsarin ya bazu a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, alhali shirye-shiryen da suka fi shi kuɗi da tallatawa sun mutu a ƙauyen da aka haife su. A ganina dalilin bai wuce ɗaya ba: abin da ya yi tafiya ƙa'ida ce, ba kaya ba.

Matan sun riga sun san adashi. Abin da aka ƙara kaɗan ne, amma shi ne ƙashin bayan tsarin. Ana zubi kowane mako a gaban kowa, mai buƙata ta ranta ta biya da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a fasa asusu a raba uwa da riba. Daga baya aka daidaita shi da akwati mai kwaɗo uku, kowane mabuɗi a hannun mace daban, don kada a buɗe a bayan idon jama'a. Ko sisin waje ba ya shiga.

Nan ne masu kwaikwayo suka fi yin tuntuɓe. Tausayi kan sa mai ba da tallafi ya zuba jari a akwatin, sai kuɗin ya zama na kowa kuma ba na kowa ba. Wani nazari da cibiyar CGAP ta fitar a 2006 ya nuna cewa yawancin asusun rance na al'umma da aka cika da kuɗin waje sun durƙushe, waɗanda aka gina a kan zubin membobi suka fi ɗorewa. Mace ba ta wasa da bashin da ta san guminsa na maƙwabciyarta ne.

Yaɗuwa kuma ba hujjar cewa tsari ya warkar da talauci ba ce. Binciken Dean Karlan da abokan aikinsa na 2017 a Gana da Malawi da Uganda ya sami bunƙasar ƙananan sana'o'i da ƙaruwar faɗa-a-jin mata a gida, amma bai ga abin da iyalai ke ci ya ƙaru ba. Don haka ƙungiyar da za ta kai tsarin wani gari ya kamata ta faɗa wa matan tun ranar farko cewa tanadi da rance ta kawo, ta kuma bar su su yanke yawan zubi da ranar zama da kansu.